Kama da wane ba ta wane: yadda na sayi batir ɗin da ba na buƙata

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau da kaina zan fara, don kada wani ya ce na zo ina muku wa'azi ni na tsame kaina gefe.

Ranar Litinin ɗin makon jiya na fito da sassafe zan kai yara makaranta, na murza makulli, mota ta ce ƙyat ta yi shiru. Na sake murzawa, ƙyat. Wallahi ko daƙiƙa biyar ban yi ina tunani ba na yanke hukunci, na ce batir ya mutu. Hujjata? Ai kowa ya sani in batir ya mutu mota ba ta tashi, ga shi mota ta ƙi tashi, to me ya rage? Na tare wa yara adaidaita, ni ma na tari wani na nufi kasuwa, kuɗin da uwargida ta sa ido a kai na cefanen wata na zare na sayo sabon batir dal, na dawo ina gumi na ɗaura da hannuna ina jin kaina wani injiniya, na shiga na murza. Ƙyat.

Sai da na kira makanikena. Yaron ya zo, ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙa hannu ya danna hon, ƙara ta cika layi, ya kunna fitila ta kawo tar. Ya ce a mayar da tsohon batir, aka mayar, ya sake danna hon, ƙara iri ɗaya. Ya ɗauki sifana ya leƙa ƙasan inji ya ce yallaɓai murza, yana ɗan ƙwanƙwasa kik ina murzawa, sai ga mota ta tashi kamar ba ita ba. Ya ɗago yana goge hannu ya ce, "Yallaɓai burushin kik ne ya cinye, batir ɗinka lafiyarsa ƙalau, da hon kawai ka danna ai da ka huta." Na rasa bakin magana. Yaron da ko sakandare bai gama ba ya koya mini manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, a ƙofar gidana.

Ku duba fa inda na faɗi. Maganata ta farko gaskiya ce, in batir ya mutu mota ba ta tashi. Ta biyu ma gaskiya ce, mota ba ta tashi ba. Amma ta ukun da na ciro daga cikinsu ba 'yarsu ba ce, ni na haife ta na liƙa musu. Don maganar farko cewa ta yi mutuwar batir tana kawo ƙin tashi, ba ta taɓa cewa ita kaɗai ce ke kawo shi ba. Kik yana kawowa, fiyus yana kawowa, wayar da ta saki tana kawowa. Hanyoyi da yawa ne suke ɓullewa kasuwa ɗaya, ni kuma na ga mutum a kasuwa na rantse ta Ƙofar Mata ya shigo, saboda ita ce hanyar da na fi sani.

Shi kuwa yaron ta wutsiya ya kamo abin, amma ta halastacciyar hanya. In batir ya mutu hon ba zai yi ƙara ba. Hon ya yi ƙara. Ashe batir bai mutu ba. Wannan lissafin ba ya ƙarya. Rashin alama yana iya kore abu, amma ganin alama shi kaɗai ba ya tabbatar da shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na taɓa karanta wannan a zaure, na manta. Waɗanda suka ɗan taɓa manɗiƙi a gaban malamai sun san Sullam na Al-Akhdari, malamin nan na ƙasar Aljeriya da ya rayu a ƙarni na 16, waƙe ne gajere da ake haddacewa. A babin ƙiyasin sharaɗi, wato magana irin ta "in kaza ya faru to kaza zai biyo", ya faɗe ta a baiti biyu kacal: in ka tabbatar da muƙaddam, wato kan maganar, to tali, wato abin da ya biyo bayansa, ya tabbata, in ka kore tali muƙaddam ya koru, amma juya su biyun ba ya haifar da komai. Misalin da aka saba ba ɗalibi shi ne, in wannan abu mutum ne to mai rai ne. Ka ce mai rai ne don haka mutum ne? Jaki ma ai mai rai ne. Mun yi dariya a lokacin, muka ce wa zai yi wannan wautar. Ga ni nan da batir biyu.

Kuma tun kafin Al-Akhdari da kusan shekara 1,900, Aristo na ƙasar Girka ya lissafa wannan cikin dabarun da ake yaudarar mutane da su a muhawara. Misalansa kamar jiya ya zauna a majalisar unguwarmu. Ya ce mutane suna ganin ƙasa a jiƙe su ce an yi ruwa, don in an yi ruwa ƙasa tana jiƙewa. Ya ce ana ganin ruwan matsarmama a zaci zuma ce saboda launinsu ya zo ɗaya. Ya ce in masu iya baki suna so su nuna mutum mazinaci ne sai su ce ai ɗan gayu ne kuma ana ganinsa yana yawon dare. Ya kuma ce mai zazzaɓi jikinsa da zafi, amma ba duk mai zafin jiki ke zazzaɓi ba. Ɗan gayu mai yawon dare fa! Ku ce mini ba a yanke wa wani hukunci da wannan hujjar a layinku cikin watan nan ba.

Maganar zazzaɓin nan ma bari in ɗan tsaya a kanta, don nan ne abin yake cin rai ba kuɗi kaɗai ba. A wajenmu da jiki ya yi zafi an gama magana, maleriya ce, a aiki yaro kemis. In an sha kwana uku bai sauka ba sai a ce to taifot ce, a ƙaro wani. Shekaran baya 'yar ƙanwata ta yi kusan sati biyu a haka, an ɗura mata maganin maleriya zagaye biyu, yarinya tana ta kuka tana jan kunne ba wanda ya lura, sai da aka je asibiti likita ya haska kunnen ya ga ruwa ya taru a ciki. Kowa a gidan ya yi lissafi irin nawa, maleriya tana kawo zazzaɓi, ga zazzaɓi, shi ke nan. Alhali sanƙarau yana farawa da zazzaɓi, ciwon huhu haka, ƙyanda haka, zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969 shi ma farkonsa ba ka bambanta shi da maleriya da ido. Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, kuma ɗan gwajin nan na tsinke da ake ɗiga jinin yatsa minti 15 zuwa 20 ne ya nuna. Amma mu gani muke ɓata lokaci ne, ai mun riga mun sani.

Yanzu ku ɗauki wannan lissafin ku miƙa wa taron mutane masu fushi. A ƙarshen watan Maris na 2025, gab da ƙaramar Sallah, a garin Uromi na jihar Edo aka tare wata babbar mota da ta taso daga Fatakwal, aka samu mafarauta 'yan Arewa a ciki da bindigoginsu na farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Allah ya jiƙansu. Na san akwai ƙiyayya da tsoro da gazawar hukuma a cikin lamarin, ba ina cewa kuskuren manɗiƙi kaɗai ya kashe su ba, amma ku saurari abin da aka faɗa wa taron har ya yarda: masu garkuwa suna yawo da bindiga, waɗannan suna da bindiga. Ba wanda ya tsaya ya ce to su waye kuma suke yawo da bindiga?

Mun yi kuka a lokacin kuma muna da gaskiya. Sai dai mu ɗin fa? A kasuwanninmu in aka yi ihun ɓarawo wanda aka ga yana gudu shi ake rufarwa, ko da tsoro ne ya sa shi gudun. Bafulatani ya shigo gari da rawani da sanda a fara kallon-kallo. Saurayi ya yi mota ya gyara gidan babansa, an ce damfarar intanet ce ko kuɗin tsafi. Budurwa ta riƙe waya mai tsada, an gama da ita a majalisa kafin ta kai ƙarshen layi, ba a tambayi ko yayanta ne ya aiko mata ba, ko adashe ta ɗauka, ko turare take sayarwa a WhatsApp. Tsohuwa idonta ya yi ja saboda hayaƙin murhun shekara hamsin, an ce mayya. Har a addini muna yi, wane ya samu buɗi lallai Allah yana sonsa, wane ciwo ya kwantar da shi lallai alhaki ne, kamar ba mu taɓa jin labarin Ƙaruna da dukiyarsa ba ko Annabi Ayyuba da jinyarsa.

Na san wani zai ce, to Malam in haka ne ai ba mai iya sanin komai, likita da alama yake aiki, makanike da alama, mafarauci sawu yake bi, kuma Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne, ni ma ban ce a daina karanta alama ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma karin maganar ba ta faɗa maka abin da ya tsamar da shi ba, cewa kawai ta yi akwai dalili, je ka nemo. Makanikena ma da ya ji ƙyat ɗin nan na tabbata batir ne ya fara zuwa ransa, don shi ya fi yawa. Bambancinmu shi ne shi ya riƙe shi a matsayin zato ya nemi abin da zai ƙaryata shi, ni kuwa na riƙe shi a matsayin yaƙini na nufi kasuwa. Kuma abin da ya sa tarkon yake da daɗin faɗawa shi ne sau da yawa kana dacewa, zazzaɓi da damina sau da yawa maleriyar ce, to dacen nan shi yake sa ka ɗauka hanyar ce mai kyau har ranar da za ta kai ka rami. Sai fa in da gaske abu ɗaya ne tak ke iya kawo alamar, nan kam juyawa ta halatta, amma kalmar "kaɗai" ɗin nan sai an yi gumi an tabbatar da ita, ba a sako ta kyauta.

Ga wani ɗan wasa ku gwada kanku. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Ingila, Peter Wason, ya fito da shi a 1966. Kati huɗu ne a tebur, kowanne gefe ɗaya harafi ɗaya gefen lamba, kana ganin A, K, 4, 7. Aka ce maka doka ita ce, in kati yana da wasali to lambar bayansa mai rabuwa biyu daidai ce. Waɗanne za ka juya ka gane ko an karya dokar? Abin da mutane suka fi ɗauka shi ne A da 4. Amsar kuwa A da 7 ce, don ko me ke bayan 4 bai karya doka ba, ba a ce wasali kaɗai ke da irin wannan lambar ba, amma in ka juya 7 ka ga wasali magana ta ƙare. Ɗaliban jami'a aka gwada, ko kashi 10 cikin 100 ba su ci ba. Abin mamakin shi ne daga baya da aka sauya wasan aka mai da shi dokar yau da kullum sai yawanci suka ci. Misali a ce duk mai tuƙi sai da lasisi, ai ba ɗan sandan da zai tare mai lasisi ya ce lallai kai tuƙi kake, wajen mai tuƙi zai je da wajen marar lasisi. Kenan kan namu yana iyawa sarai, inda abin ya zo daidai da abin da zuciya take so ne yake yin kasala.

Ni dai ko sati ba a yi ba na sake kama kaina. Na kira wani abokina sau uku bai ɗaga ba, na ce ai dama tun da na tuna masa bashin nan, mai gudun bashi ba ya ɗaga waya, har na fara rubuta masa saƙo mai zafi na kai layi na huɗu, sai ga kiransa da wata lamba, wai wayar ce ta faɗa masa a kwata wajen alwala.

Mai shagon batir kuwa ya ce kayan da aka ɗaura ba ya dawowa. Yana nan a ƙarƙashin matakala cikin kwalinsa, uwargida duk ta wuce sai ta kalle shi ta kalle ni. In akwai mai buƙata ya yi mini magana ta akwatin saƙo, zan yi ragi, amma don Allah ka fara danna hon ɗinka tukuna.