Gwarzon besbol: a daina auna ɗan wasa da ƙarfin ƙungiyarsa

Duk watan Nuwamba sai gardama ta kaure a Amurka idan aka bayyana gwarzon shekara na besbol, wato MVP. Ni a ganina kyautar nan ta wanda ya fi kowa taka rawa ce a wasanni 162 na kaka, ko ƙungiyarsa ta haye zuwa zagayen fitar da zakara ko ta ƙare a ƙasan tebur.

Ga yadda ake zaɓen. Tun 1931 ƙungiyar marubutan besbol, BBWAA, ke da wuƙa da nama. Rukunin gasa biyu ne, American League da National League, kowanne da nasa gwarzon. A madadin kowace ƙungiya marubuta biyu ke jefa ƙuri'a, mutum 30 ke nan a kowane rukuni yanzu. Kowa zai jera sunaye goma: na farko maki 14, na biyu 9, na uku 8, har a sauko kan na goma mai maki 1. Ana miƙa ƙuri'a kafin a fara zagayen fitar da zakara, kuma takardar umarnin ta faɗa ƙarara cewa ba dole gwarzo ya fito daga ƙungiyar da ta haye ba. Sai dai masu zaɓe da yawa ba su ji wannan ba.

Ku duba 2012. Miguel Cabrera na Detroit Tigers ya zo na ɗaya a American League a ma'auni uku na gargajiya: matsakaicin bugu .330 (wato nasara a kashi 33 cikin ɗari na bugunsa), hom-ron 44 (bugun da ke ba mai shi damar zagaye duka tashoshin fili ya ci maki), RBI 139 (makin da bugunsa ya kawo). Rabon da a ga haka tun Carl Yastrzemski a 1967. Ba ƙaramin aiki ba ne, babu mai musu. Amma Mike Trout na Angels, sabon shiga a lokacin, ya buga .326 da hom-ron 30, ya saci tasha (rugawa zuwa tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba) sau 49, ya ci maki 129 da ƙafarsa, sannan yana tsaron tsakiyar fili, inda sai mai gudu. Cabrera ne ya lashe, da ƙuri'ar farko 22 cikin 28 da ake jefawa a rukunin a lokacin. Babbar hujjar magoya bayansa ita ce ya kai Tigers zagaye na gaba. To, Tigers wasa 88 suka ci, Angels kuwa 89. Abin da ya raba su kawai shi ne Tigers na cikin sashe mai rauni na rukunin, inda suka zo na ɗaya suka haye, sai aka hukunta Trout a kan tsarin gasa.

RBI ma yaudara gare shi. Ana lissafa shi ne idan bugunka ya kawo maki, kuma mafi yawansa daga abokan wasan da ka tarar a kan tasha yake zuwa. Cabrera na uku yake shiga bugu, yakan tarar da mutane suna jiransa. Trout shi ke buɗe jeri, sau da yawa tashoshin wayam suke, shi ya sa ya tsaya a 83.

Ma'aunin WAR, wato yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa, ya zo ne don ya gyara wannan. Ana tattara abin da ɗan wasa ya kawo ta bugu, gudu da tsaro, a mayar da shi maki, a kwatanta da abin da ɗan cike gurbi, wato ɗan wasan benci da ake samu cikin sauƙi, zai kawo. Kusan maki goma ke zama nasara ɗaya. Ƙungiyar da duk 'yan cike gurbi ne za ta ci wasa wajen 48 a kaka. Ana kuma duba wahalar gurbi: a lissafin FanGraphs, wani shafin ƙididdigar besbol, mai cafka a bayan mai bugu ana ƙara masa maki 12.5 a cikakkiyar kaka, mai tsaron tashar farko a rage masa 12.5, wanda bugu kaɗai yake yi ba ya tsaro a rage masa 17.5. A 2012 Trout ya haura 10, Cabrera yana wajen 7. Tazarar nasara uku ta wuce a ce kuskuren lissafi ce.

Amma kada a mayar da WAR alƙali. Iri biyu ne suka fi shahara, kuma ba sa daidaita. Shafin Baseball-Reference yana auna mai jifa da makin da aka ci a kansa, FanGraphs kuma da abin da ke hannunsa shi kaɗai: fitar da mai bugu, ba shi tasha kyauta, da hom-ron. FanGraphs yana lissafa gwanintar mai cafka wajen jawo hukuncin alƙalin wasa, ɗayan ba ya yi. Ma'aunin tsaro na kaka ɗaya kuwa yana rawa sosai. Idan tazarar ba ta kai nasara ɗaya ba, kunnen doki ne, sai a koma ga ido da hankali. Shi ya sa ban ga laifin marubuta 13 da suka zaɓi Cal Raleigh a 2025 ba, mai cafka da hom-ron 60, duk da cewa Aaron Judge da ya lashe da ƙuri'ar farko 17 ya fi shi bugu nesa ba kusa ba.

Abin da ba ni da uzuri a kansa shi ne mai zaɓe ya ƙirƙiro tasa doka. Ƙa'ida ta ce masu jifa sun cancanta, ko da yake suna da tasu kyautar ta Cy Young. A 1999 Pedro Martinez na Boston ya ci wasa 23 ya faɗi 4, ERA (matsakaicin makin da ake ci a kansa a cikakken wasa) 2.07, ya fitar da masu bugu 313. Ya fi kowa ƙuri'ar farko, 8, amma marubuta biyu ko a na goma ba su sa shi ba. Ivan Rodriguez ya lashe da maki 252, Martinez 239. Da waɗannan biyun sun sa shi a na huɗu kawai, maki bakwai-bakwai, da ya kai 253.