Zaɓen da mai mulki ba zai iya faɗuwa ba

Kanawa ba baƙi ba ne wajen kayar da mai mulki. A 2003 Rabi'u Musa Kwankwaso yana kan kujerar gwamna, ƙarfin gwamnati na hannunsa, amma Malam Ibrahim Shekarau ya yi sama da shi. Shekara goma kafin nan, a zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni 1993, Bashir Tofa ɗan gida ne, duk da haka Abiola ya fi shi ƙuri'a a Kano.

A ganina nan halaccin gwamnati yake. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce iko na jama'a ne, daga gare su gwamnati take samunsa. To wanda ya ba ka aron riga, dole ya iya cewa ka tuɓe. Talaka yakan haƙura da gwamnan da bai zaɓa ba, ya biya haraji, ya bi doka, saboda ya yarda an ƙirga ƙuri'arsa kuma gobe ma rana ce.

Mun ga abin da ke faruwa in wannan yarda ta yi rauni. A zaɓen gwamna na 2019 kalmar "inkwankulusib", wato zaɓen da aka ce bai kammala ba, ta shiga bakin har 'yan yara, mazaɓar Gama, inda aka sake zaɓe, ta yi sunan da ba ta nema ba. A 2023 INEC ta ce Abba Kabir Yusuf ya samu ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Gawuna 890,705. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zaftare 165,663 daga na Abba saboda babu hatimi da sa hannu a takardun, sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24. Ba a huta ba sai 12 ga Janairu 2024, da Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un. Wata huɗu gari yana zaman ɗar-ɗar.

Amma wannan ko ba komai an fafata. Abin da ya fi damuna shi ne zaɓen ƙananan hukumomi, wanda ba mu cika ɗaga murya a kansa ba. A Janairun 2021 APC ta lashe kujerun ciyamomi 44 da na kansiloli 484. A Oktoban 2024 NNPP ta lashe 44 da 484. Jihar da ake raba ƙuri'ar gwamna kusan gida biyu, a ce ko mazaɓa ɗaya 'yan adawa ba su da ita? Ko a gidan ɗaurin aure ba a samun irin wannan haɗin baki.

Wasu za su ce ai 'yan adawa ne suka ƙaurace, ko kotu ta shiga tsakani. Haka ne, sai dai a tambayi dalilin ƙauracewar. Gwamna ne ke naɗa shugabannin KANSIEC, hukumar zaɓe ta jiha, kuma kowace jam'iyya ta san haka tun tana adawa, sai ta hau ta manta.

Ciyaman da ya san daga gidan gwamnati kujerarsa ta fito, can zai riƙa kai gaisuwa. Mai unguwar da ya je masa da kukan kwata ko rufin firamare sai ya jira a waje.