Ba taru kaɗai ke rage girman kifi a Rima ba

Wani labari da na karanta ya ce masunta na kukan kifin Gulbin Rima ya ƙanƙance, ya ɗora laifin duka a kan taru mai ƙananan ido. Gaskiya ne, amma ruwan fa? Mu nan Sakkwato mun san tarwada ba ta cin abinci sosai lokacin hunturu, sanyi kan kashe mata jiki. Bazara kuma ruwa ya ja baya, ya ɗumama, iskar da ke cikinsa ta ragu, kifi ya cunkushe a 'yan gurabe. Sai ka ga tarwada doguwa, kai ƙato, jiki ba tsoka. Babana masunci ne, da damina kawai yake yabon ƙibar karfasa, in ambaliya ta kai ta fadama ta ci ta ƙoshi. Don Allah masu kula da madatsar Goronyo, wadda ke tare ruwan Rima, su riƙa tuna masunta wajen sakin ruwa.