Ciwon firgici da maganar yoga: abin da na gani a gidanmu

Ƙanwata ta yi kusan shekara tana fama da wani abu da muka kasa ba shi suna. Tana zaune lafiya lau, wani lokacin ma tana tsakar wanke-wanke, sai gabanta ya yanke ya faɗi, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto mata, yatsu su yi kamar ana tsira musu allura. Ta riƙe ni ta ce, "Yaya, mutuwa zan yi." Bayan minti goma ko ashirin abin ya lafa, ya bar ta a galabaice. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an yi gwajin zuciya har sau biyu aka ce ƙalau take. Sai da muka dangana da likitan ƙwaƙwalwa ya ce ciwon firgici ne, kuma yana da magani.

Ya ɗora ta a kan ƙwayoyi da zaman tattaunawa, inda ake koya wa mutum daina tsoron alamomin jikinsa. A nan maganar yoga, wato atisayen numfashi da miƙa jiki, ta shigo, a matsayin ƙari, kuma a kanta nake son mu yi magana, don na san da yawanmu da jin sunan sai mu ja baya.

Ga yadda na fahimci abin. Idan firgicin ya taso, mutum kan riƙa jan numfashi da sauri, iskar kabon ta ragu a jini, jiri da tsirar yatsu su biyo baya. Su kuma su ƙara tsorata shi, ya ƙara haki. Abin da atisayen numfashi na yoga ke koyarwa shi ne katse wannan zagayen: a ja iska ta hanci a hankali, a ƙirga huɗu, a sake ta ana ƙirga shida. Tsawaita fitar numfashi na sassauta bugun zuciya. Amma abin da ya fi yi mata amfani, a ganina, shi ne tsayuwa a wani yanayi na miƙa jiki har zuciya ta ɗan yi sauri, ita kuma ta tsaya ta saurara ba ta gudu ba. Kullum tana koyon cewa bugun zuciya ba sallamar mala'ikan mutuwa ba ne.

Batun addini kuwa ban raina shi ba. Yoga daga Indiya ta fito, kuma asalinta na haɗe da ibadar Hindu, wannan ba a musu. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta saboda kirare-kiraren ibada da ke cikinta. A 2009 malaman Indonesiya suka haramta mai ɗauke da waɗannan kalmomi, suka bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Mu numfashin da miƙar jikin muka ɗauka, muka bar sauran inda muka same su.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu bidiyo da ke cewa a watsar da magani, yoga ta wadatar. Wallahi ganganci ne. Akwai ma salon numfashi mai sauri a cikinta da kan iya tayar wa mai wannan ciwo da firgicin. Kuma kafin komai a je asibiti, don matsalar maƙoƙo da wasu cututtukan zuciya kan zo da irin waɗannan alamomi. A rage goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari.

Yanzu bayan sallar Asuba takan shimfiɗa tabarma ta yi minti goma sha biyar. Abin yana ɗan leƙo ta jefi-jefi. Makon jiya ya taso mata a cikin a-daidaita-sahu, ta ƙirga numfashinta har suka iso bakin kasuwa, ta sauka ta yi cefanenta.