Fulotan awon igiya na cinye gonakin gefen Kano

Duk wanda ya bi hanyar Gezawa ko ta Dawakin Kudu a 'yan shekarun nan ya ga abin da ake ciki. Gonar da aka saba ganin dawa da gero a cikinta, yanzu turakun siminti ne jere, an shafa musu jan fenti, an yanka ta fuloti-fuloti da awon igiya, wato ba da tsarin hukuma ba. Dillali na gindin darbejiya yana cewa, "Alhaji, ka kama yanzu, baɗi ba za ka same shi a haka ba." Kuma gaskiyarsa.

Haya a cikin birni ta fi ƙarfin ma'aikaci, wannan kowa ya sani. Amma akwai wani dalilin. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a kasuwar canji, mai 'yan kuɗi ya gane barin su a banki asara ce. Sai ya zuba su a ƙasa. Da yawa cikin masu sayen nan ba gidan zama suke nema ba, ma'ajiya suke nema.

Wanda ma ya zo da niyyar gini, arhar filin ce ke ruɗarsa. Buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kuma kwano da rodi ba sa sauka don an kai su ƙauye, sai ma ƙarin kuɗin mota. A kai linta a tsaya. Kango ya shekara biyar tumfafiya na fitowa a tsakar ɗakinsa, ba a noma wurin ba, ba a kuma shiga ba.

Ɗan gari ne ke kwasar asarar. Da, saurayin da zai yi aure yanka masa ake yi a gefen gonar gida, ya tayar da ɗaki biyu da tubali. Yau da farashin mutanen birni zai yi gogayya a garin ubansa. Magada kuwa su sayar da gonar gado, kowa ya sayi babur, kafin damina biyu babu kuɗin babu gonar.

Ba na cikin masu cewa a hana manomi sayar da abinsa. Haƙƙinsa ne, kuma wani lokacin asibiti ne ko aurar da 'ya ya tilasta shi. Laifin na hukuma ne. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da shaidar mallaka a filayen karkara, amma a zahiri abin da mai saye ke riƙewa takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu. Shi ya sa ake sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, a ƙare a kotu. Igiya kuma ba ta barin magudanar ruwa, ba ta ware makaranta ko maƙabarta, lungun ma da ƙyar adaidaita sahu ke shiga.

Ƙananan hukumomi da hukumar tsara birane ta KNUPDA su riga dillalai zuwa gonakin nan da taswira, a fitar da hanyoyi kafin a kafa turke. Filin da aka saya ba a gina ba kuma, dagatai su shiga tsakani a riƙa ara wa 'yan gari suna nomawa har mai shi ya shirya.