Fasfo kayan aiki ne, ku bar yaron nan ya sarara

Tun jiya kuke yi wa yaron nan ɗan Najeriya da ke zaune a Jamus rubdugu don kawai ya ce yana shawarar karɓar takardar zama ɗan ƙasar Jamus. Wai ya sayar da asalinsa, wai ya zama yaron Turawa. Sannunku da kishin ƙasa, kishin da ba ya wuce datar naira ɗari biyu.

Kun ma san sana'arsa? Kamfanoni ne ke ɗaukarsa kwangila idan manhajarsu ta rikice. A kira shi daga Landan ran Litinin a ce ana son ganinsa ran Alhamis. Abokin aikinsa mai fasfon Jamus tikiti kawai zai yanka, ya cike 'yar takardar izini ta intanet, ya ɗauki jaka. Shi kuwa mai koren fasfo sai ya cike fom, ya haɗa takardun banki, ya je a ɗauki zanen yatsunsa, sannan ya zauna jiran tsammani na makonni. Kafin biza ta fito an ba wani aikin. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da bizar yawancin 'yan Najeriya ta wata 3, shiga ɗaya tak. Da wannan za a yi sana'ar da rabinta a filin jirgi ake yinta?

Fasfo kayan aiki ne. Tela ya sauya keke, ba wanda ya ce ya bar gidan ubansa.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba wanda ya ce zai ajiye na Najeriya. Sashe na 28 na tsarin mulkin 1999 bai hana haifaffen ɗan Najeriya riƙe ƙasa biyu ba, kuma tun Yunin 2024 Jamus ta daina tilasta wa mutum sakin ƙasarsa ta asali, ta rage zaman da ake buƙata zuwa shekara 5. To ina cin amanar? Masu cewa "gida gida ne", na ji ku. Ku sani yawancin takardun izinin zama da Jamus ke ba baƙi suna mutuwa idan mutum ya wuce wata 6 a waje. Wato yau Hajiyarsa ta kwanta ciwo a Kano, sai ya riƙa jinya yana ƙirga kwanaki. Fasfon da kuke zaginsa a kai shi ne zai ba shi damar zama gabanta hankali kwance.

Ƙanena, in kana karantawa, abin dubawa daban ne da surutunsu, don kowace ƙasa da irin dokarta. Holan har yanzu takan nemi ka saki ƙasarka kafin ta ba ka tata. Amurka kuma tana bin ɗan ƙasarta da lissafin haraji ko a ina yake zaune a duniya. Ka tambayi lauya, ka yi istihara, ka shawarci iyayenka. Sauran mu 'yan kallo ne.

Af, ga masu turo min tallan dillalan fasfon tsibirai, ku dakata haka. Dominika da Vanuwatu sun yi ta sayar da nasu, a 2023 Birtaniya ta wayi gari ta sa musu biza. Mutum ya zuba daloli, ya koma layin da ya gudu. Kuma wai dillalin har da sa min "Allah ya sa albarka" a ƙarshen saƙo.