Jirgin Mendi da kyaftin ɗin da ya ƙi sauke kwalekwale

Jama'a, kowa ya san labarin Titanic, amma mutum nawa a cikinmu suka taɓa jin sunan Mendi? Wannan abu yana ci mini rai, domin jirgin nan ya fi kusa da mu nesa ba kusa ba.

A 1905 aka ƙera shi a Glasgow, jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin tururi, yana jigilar fasinja da kaya tsakanin Liverpool da gaɓar Afirka ta Yamma a hannun kamfanin Elder Dempster. Da Yaƙin Duniya na Farko ya yi ƙamari, a 1916 Ingila ta ɗauke shi haya, ma'ajiyar kaya ta koma makwancin soja. Sojojin Najeriya ya fara kwasa zuwa Dar es Salaam don su yaƙi Jamusawa, kuma rundunar nan cike take da Hausawa.

Daga nan ya ɗebi baƙaƙen fata fiye da 800 daga Cape Town zuwa Faransa. Ko bindiga ba a yarda a ba su ba, aikin ƙarfi kawai aka ɗebo su yi. Da asubahin 21 ga Fabrairu 1917, cikin hazo mai duhu kusa da tsibirin Wight da ke kudancin Ingila, wani ƙaton jirgi mai suna Darro ya zo a guje, ba ya ko busa ƙahon gargaɗi, ya fasa wa Mendi gefe. Cikin ƙasa da rabin awa ya nutse. Mutum 646 suka rasu, 607 daga cikinsu baƙaƙen ma'aikatan nan ne. Da yawansu ba su taɓa ganin teku ba sai a wannan tafiya, ga ruwan kuma da sanyin hunturu mai kashe jiki.

Haɗari ƙaddara ce, na yarda. Abin da ba zan taɓa haɗiyewa ba shi ne halin kyaftin ɗin Darro, Henry Stump. Yana nan kusa, mutane suna mutuwa a ruwa, bai sauke ko kwalekwale ɗaya ba. Jirgin yaƙin da ke rakiya, Brisk, shi ya yi ta tsamo waɗanda ke da sauran kwana. Kotun bincike ta ɗora wa Stump laifi, hukuncinsa kuwa dakatar da lasisinsa na shekara ɗaya. Shekara ɗaya tak, a kan rayuka sama da 600! Wallahi ban yarda da haka za a yi ba da Turawa ne cike da jirgin.

Bayan yaƙi kuma gwamnatin Afirka ta Kudu ta hana baƙaƙen rundunar lambar yabon da aka raba wa fararen da suka shugabance su. Sai a 2018 Firaministar Birtaniya ta lokacin, Theresa May, ta miƙa wa Shugaba Ramaphosa na Afirka ta Kudu ƙararrawar jirgin. Yau ƙasarsu tana da lambar jarumta mai sunan Mendi. Mu da jirgin ya fara kwasar kakanninmu, ya kamata malaman tarihi su sa shi a darasin Yaƙin Duniya na Farko, tare da labarin sojojinmu da aka kai Gabashin Afirka.